Wa Ke Ci, Wa Ke Sha? Tsokaci kan Leda, Lefe da Gawon Magarya

A hutun da ya gabata na iske tunkiyar mahaifiyata kwance a gindin danga, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, ga ciki ya kumbura, ga harawa a gabanta ko sansanawa ba ta yi. An ba ta jar kanwa, an ba ta jiƙe-jiƙe, an kira mai yi wa dabbobi allura, duk ba ta sauya zani ba. Da aka ga tana shirin zama mushe sai aka sa mata wuƙa. Mahaucin da ya feɗe ta ya zaro wani baƙin dunƙule daga tumbinta, girmansa ya kai ƙoƙon shan fura, ya yar a ƙasa, ko gezau bai yi ba. Leda ce ta cukurkuɗe da zaren buhu da ɗan ragowar abinci. Ya ce mana da wuya kasuwa biyu ta ci bai gamu da irin wannan ba. Mahaifiyata ba ta ce uffan ba, amma kowa a gidan ya san abin da aka rasa, domin tunkiyar nan da abin da ake sa ran za ta haifa su ne aka ware saboda kayan ɗakin ƙanwata.

Ɗalibin harshe yana da wata larura, wato ko a wurin jaje kunnensa yana kan kalma. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan abin da ya kashe tunkiyar. Leda kalmar aro ce, kuma asalinta a Turancin Ingilishi fata take nufi. A ƙasar Damagaram, inda dukawa suka yi suna wajen jaka da takalmi da matashin fata wanda uba ke bar wa ɗa, a nan ne aka ɗauki sunan fata aka laƙaba wa abin da aikinsa bai wuce daga bakin kasuwa zuwa ƙofar gida ba. Aikinsa na minti goma ne, zamansa a ƙasa kuwa ya wuce na wanda ya yar da shi.

Yau duniya ta cika da kiraye-kirayen a rage saye-saye, a sauƙaƙa rayuwa, a tausaya wa muhalli. Duk wanda ya taɓa zama zai fassara irin waɗannan bayanai zuwa Hausa ya san inda gizo ke saƙa. Kalmar da Faransanci ke kira consommation ba ta da takwara guda ɗaya a harshenmu. Masu fassarar rediyo kan ce "masu saye" ko "masu amfani da kaya", kuma duka biyun sun kama reshe ne sun bar tushe. Kalmar da ta fi kusa ita ce mafi gajarta, wato ci. Tun a 1966 Claude Gouffé ya yi nazari a kan ci da sha a Hausa, sannan a 2009 Philip Jaggar da Malami Buba suka sake duba batun, suka nuna cewa idan waɗannan aikatau biyu suka bar ma'anarsu ta baki da ciki, hanyoyi daban-daban suke bi. Ci yana tafiya da rinjaye da mallaka: a ci yaƙi, a ci riba, a ci sarauta, a ci jarrabawa, a ci amana. Sha kuwa yana tafiya da jurewa da ɗaukar abin da ya sauka a kan mutum: a sha wahala, a sha kashi, a sha rana, a sha duka. A ganina wannan rabon aiki da harshe ya yi ya ba mu tambayar da ta kamata a fara da ita kafin a yi wa kowa wa'azin sauƙaƙa rayuwa. A wannan harka, wa ke ci, wa ke sha?

Idan aka yi tambayar a ma'aunin duniya, amsar ba ta da wuya. Iskar kabon da ɗan Nijar ɗaya ke fitarwa a shekara ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan ba, alhali ta Ba'amurke ɗaya ta ninka wannan fiye da sau ɗari. Wasu ne suka ci, mu kuwa muna shan zafi da rikicewar damina. Ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum 570,000 a gundumar Magarya, da sama da 350,000 a Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, kuma mafi yawansu manoma ne masu ƴan gonakin da gado ya yi ta tsagawa har suka koma kamar fegi. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a Magarya, kuma kowace shekara idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, sashen yara na asibitin yakan cika da masu tamowa da zazzaɓi. Wanda zai tsaya gaban uwar da ke jinya a can ya ce mata ta rage ci domin ceton duniya, to ya ci mutuncinta. Salon rayuwar nan da ake yayi a Turai da Amurka, na mutum ya kwashe tarkacen gidansa ya bar kujera ɗaya da riguna biyar, magani ne na ciwon ƙoshi. Manomin Dogo-Dogo ko Guci ba shi da wannan ciwo.

Da zan tsaya a nan da na sami tafi, domin babu abin da ke yi wa ɗalibi daɗi kamar a ɗora laifi a kan na nesa. Sai dai tunkiyar mahaifiyata ba Ba'amurke ne ya ba ta leda ba. A cikin gidanmu ma akwai masu ci akwai masu sha, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake ci da kaka ya sha da damina.

Mu fara da ledar. Nijar tana da doka tun watan Nuwamba na 2014 wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da ledar nan marar kauri. Wanda ya zaga kasuwar Magarya ko ta Bande ranar da take ci zai rantse bai taɓa jin labarin dokar ba. Ana zuba mai a leda, a ƙulla sukari a leda, a sa ledar a cikin wata ledar. Fura, wadda sunanta ma ba ya rabuwa da ƙwarya a bakin Bahaushe, yanzu a leda ake miƙa ta, har da koko mai zafi. Idan iskar bazara ta taso, kowace ƙaya da kowace aduwa sai ta yi baƙin fure. Ɓarnar da ta fi damuna kuwa ita ce wadda ba a gani daga kan hanya. Manoman wannan yanki sun daɗe suna kwasar juji da jakai da amalanke zuwa gona, saboda toka da kashin dabbobi da sharar gida taki ne. Yanzu jujin rabinsa leda ne da matattun batura, don haka mai kai taki da hannunsa yake shuka leda a gonarsa, kuma ita ba ta ruɓewa balle ƙasa ta ci.

Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma an ga bambanci a titunansu. Amma duk wanda ya san yadda Magarya da Dungas suke manne da Katsina da Jigawa ya san cewa doka daga Yamai kaɗai ba za ta wadatar ba. Naira tana yawo a kasuwanninmu kamar sefa ko fiye, ɗan Dungas yana cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis kamar ta ƙofar gidansu, kuma abin da ya yi araha a Kano gobe da safe yana Tinkim. Akwai kuma gaskiyar da masu tsine wa leda ba su cika faɗa ba. Leda ta yi ƙarfi ne saboda ta dace da cinikin talaka. Wanda ba ya iya sayen kwalbar mai, na dala ashirin yake saye, kuma na dala ashirin sai an ƙulla. Mai talla ƴar shekara goma ba za ta iya bin kowane mai saye gida ta karɓo kwanonta ba. Saboda haka ban yarda da masu cewa jahilci ne kawai ba. Amma wannan uzuri bai hau kan ma'aikacin da ke sayen kayan cefane na jika biyar ya dawo da leda goma sha biyu ba, bai kuma hau kaina ba, ni da nake karɓar leda saboda biro ɗaya.

A nan ne ilimin da muke karantawa yake da abin cewa. Ku buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ku bi sunayen abubuwan da ake samu daga duma kaɗai. Akwai ƙwarya, akwai masaki babba, akwai ƙoƙo ƙarami, akwai ludayi, gora, gyanɗama, jallo, zunguru na lalle, shantu na kiɗan mata. Idan ƙwarya ta tsage akwai mai sana'ar ɗinke ta, sunansa gyartai. Idan ta fashe har ta wuce ɗinki, ba a yar da ita: a fafe mara ta kwasar tuwo, abin da ya rage ya zama sakaina, ita ma da aikinta, in ta gama ta koma ƙasa ta zama taki. Harshen da ya ba wa ɓallin fasasshiyar ƙwarya suna na kansa harshe ne na mutanen da ba su san wani abu wai shi shara marar amfani ba. Na gwada tambayar ƙannena da abokansu, su bakwai, ƴan makarantar sakandare, ma'anar gyartai. Ɗaya ne ya sani, shi ma a zagi ya taɓa jin ta. Ba zan kira wannan bincike ba, malamanmu za su kore ni da shi, amma ya ishi mai hankali ishara. Idan sunan mai gyara ya mutu, alama ce ta cewa gyaran ya riga shi mutuwa.

Wasu kalmomin kuma ba su mutu ba, cikinsu aka kwashe aka zuba wani abu. Buta a da ƴar gora ce ko ta yumɓu, yau roba ce. Tabarma ta kaba ce, yau idan ba ka ce "ta kaba" ba, ta roba za a kawo maka. Mai nazarin ma'ana zai ce sunan ya bi aikin, ya bar kayan da aka yi abin da shi, kuma haka harsuna ke yi. Kada kuma a ɗauka ina kukan a koma jiya. Macen da ke ɗauko ruwa daga rijiya mai nisa ta fi ni sanin bambancin nauyin tulu da na jarka, kuma ba ni da bakin ce mata ta koma ga tulu domin ya fi kyau a hoto. Jarkar da za ta shekara biyar tana aiki, in ta fashe a liƙe ta da wuta, in ta mutu a yanka ta a yi wa kaji abin shan ruwa, ta shiga tsarin gyartai ko da ba a kira ta haka ba. Haka gugan da ake yi da tsohuwar roba ta cikin taya, da tukunyar da maƙera ke zubawa daga gwangwanayen da ƴan jari-bola suka tsinto. Rigimata da abin da aka ƙera shi tun farko domin a yar ne.

Kalmar da ta fi kowace ba ni mamaki ita ce lefe. Asalin lefe ɗan kwando ne da ake saƙawa da kaba, mata na ajiye auduga da kayan kaɗi a ciki, kuma a cikinsa ake sa ƴan tufafin da ango zai kai wa amarya. Sunan mazubi ya koma sunan abin da ke ciki, sannan abin da ke ciki ya yi ta kumbura har ya fi ƙarfin mazubin. Yau lefe saitin akwatuna ne, kuma ana ƙirga su a bainar jama'a, a ɗaga turmi ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto a watsa a WhatsApp kafin masu kawowa su isa gida. A ɗaya ɓangaren iyayen amarya suna fama da kayan ɗaki da gara, ƙawaye kuma da anko, wanda sau da yawa daga ranar bikin ba ya sake ganin rana.

Sai an yi hattara a nan, domin maza masu ilimin boko da masu wa'azi sun daɗe suna ɗora wa mata laifin tsadar aure, kamar su ba sa sayen babur da bashi ko canza waya duk shekara. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna cewa kayan ɗaki dukiyar mace ce ta kanta, kuma shaida ce ta yawan mutanen da ke bayanta. Jeren ƙore, daga baya jeren kwanonin langa da samira, asusu ne da ke jingine a bango: in yunwa ta zo ko aure ya mutu, tana da abin sayarwa. Gudummawar biki ma haka take, bashi ne na zumunci da ke zagayawa, wadda ta ba ki yau za ki mayar mata da ƙari gobe. Wanda ya ce a soke waɗannan gaba ɗaya, ya ce ne a rushe bankin mata ba tare da ya gina musu wani ba. Tambayar da nake yi ita ce ko kayan ɗakin yau suna yin aikin da na jiya suka yi. Kwanon samira yana shekara ashirin a sayar da shi. Gado da kabad na matsattsen garin katako, masu ƙyalli ranar jere, damina biyu ko uku suke yi a ɗakin ƙasa su kumbura su sassake, kuma ba dillaliyar da za ta karɓe su. An ci bashi an sayi abin da ya yi kama da dukiya, alhali leda ce babba.

Lokacin da ake wannan hidima shi ne ya ƙara wa abin muni. Bukukuwa da kaka ake yin su, sa'ad da tiyar gero ta fi araha a duk shekara. Magidanci ya buɗe rumbu ya sayar da arha domin ya fita kunya, ɗan kasuwa ya saya ya ajiye, sannan idan aka shiga tsakiyar damina magidancin nan ya dawo ya sayi geronsa da tsada, wani lokaci har ninki, ko ya ci bashin da za a biya da amfanin gonar da bai ma nuna ba. Daga nan sai samari su kama hanyar cin rani. Ga ci ya sake fitowa, amma duk wanda ya ga yadda suke kwana a tashoshin Kano da Legas ya san cewa shan rani suke yi.

Me ya sa mutum mai hankali zai yi haka yana sane? Amsar tana cikin kalmomi biyu da muke rikita su. Hausa tana da tattali, tsimi, tanadi, adana, ga kuma ƙana'a da muka aro daga Larabci muka fassara ta da wadatar zuci. Tana da rowa, ƙwauro, maƙo. A ƙamus tsakaninsu akwai nisa, a bakin unguwa kuwa taki ɗaya ne. Wanda ya yi tattali a bikin ƴarsa, kafin la'asar an ce ya yi rowa, kuma Bahaushe ya gwammace a kira shi matsiyaci da a kira shi marowaci, domin tsiya ƙaddara ce, rowa kuwa hali ne. Addini bai bar mu cikin duhu ba a nan, domin Suratul Isra'i, wadda ta yi maganar almubazzarai, ta yi hani ga ƙanƙame hannu da kuma sakinsa gaba ɗaya, duka a wuri guda. Amma tsoron bakin mutane ya fi tsoron bashi ƙarfi. Shi ya sa nake ganin kiran a sauƙaƙa rayuwa ba zai yi tasiri ba matuƙar mutum ɗaya ake kira. Talaka ba zai iya fara ragewa ba, domin in ya rage za a ce babu ce ta sa. Wanda kowa ya san yana da hali, shi ne in ya kai akwati biyu zai sauke wa unguwa guda kaya. Alhazai da ma'aikata da mu da ake yi wa kallon masu ilimi, a wuyanmu abin yake.

Ku lura kuma da abin da ya faru da kalmar tattali kanta. Tattali shi ne abin da ake yi wa jariri, da maras lafiya, da ɗan maraƙin da uwarsa ta mutu, wato kula da abu mai rauni har ya yi ƙarfi. Waɗanda suka ƙirƙiro "tattalin arziki" sun yi zaɓi mai kyau ƙwarai. Sai ga shi yau idan aka ce tattalin arziki ya bunƙasa, ana nufin an sayi kaya da yawa an kashe kuɗi da yawa, ko da rijiya ta ƙafe gona ta gaji.

Misalin tattali na gaskiya yana nan a gonakin Magarya da Dungas, ba sai mun je Turai neman sa ba. Bayan farin 1973 da na 1984, wanda mutanenmu suka raɗa wa yunwarsa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, ƙasar nan ta yi ƙwal, iska tana binne shuka da rairayi har sai an yi ta maimaita shuka. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu. Abin da ya yi aiki shi ne abin da bai ci ko dala ba. Manoma suka daina sare tohon da ke fitowa daga kututture da saiwa a lokacin sassabe, suka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi suka bari, suka rage sauran, suka kare su daga dabbobi. A Maraɗi an san rawar da Tony Rinaudo ya taka wajen yaɗa wannan dabara tun daga 1983, har ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. A yankinmu kuwa, mafi yawan aikin manoma ne suka yi shi da kansu, maƙwabci yana koyo daga maƙwabci. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, ciki har da Chris Reij, suka fitar a 2006 ya kiyasta kimanin hekta miliyan ɗaya da suka farfaɗo ta wannan hanya a Magarya da Matamaye da Mirya. A faɗin Nijar ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200.

Sarkin waɗannan itatuwa shi ne gawo, kuma halinsa abin a tsaya a duba ne. Da damina, sa'ad da kowane itace ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. Da rani, sa'ad da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore, dabbobi su sami inuwa da ƴaƴansa, su bar kashinsu a gindinsa. Kowane manomi zai nuna maka yadda geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. Daga baya dokokin daji na zamanin Turawa da na bayan samun mulkin kai suka mai da itace dukiyar gwamnati, sai manomi ya ga ba dalilin da zai sa ya yi renon abin da zai jawo masa tara in ya taɓa shi. Da riƙon ya sassauta, mutane suka fara jin cewa itacen gonarsu nasu ne, sai itace ya dawo, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. Darasin da na ɗauka a nan shi ne mutanenmu ba sa buƙatar a koya musu haƙurin barin riba ta yau saboda ta shekara goma. Sun yi hakan a fili mai faɗin da ana ganinsa daga tauraron ɗan'adam, da zarar sun tabbata cewa abin da suka tattala ba za a ƙwace ba. Irin wannan ne ya faru da asusun Mata Masu Dubara, wanda ya fara a jihar Maraɗi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, mata suna tara ƴan kuɗinsu mako-mako suna ranta wa juna, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Manoma sun raɗa wa dabararsu suna sassaben zamani. Ku kwatanta wannan da "ci gaba mai ɗorewa", wanda aka fassaro kalma da kalma daga harshen taron ƙasa da ƙasa, kuma har yau ban ji wata tsohuwa ta furta shi ba. Na farkon ya ɗauki aikin da kowa ya sani ya ce ga sabuwar hanyar yin sa, na biyun kuwa sai an yi bita kafin a gane shi. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, aikin ƙirƙirar kalmomi zai ƙaru, kuma wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla ne za a kira su yi shi. Roƙona shi ne kafin mu zauna a ofis mu ƙera wa muhalli da tattali sababbin kalmomi, mu ɗauki rakoda mu je Waca da Yekuwa da Malawa mu ji yadda masaƙan kaba da masu fafe ƙwarya da masu renon gawo suke kiran abin da suke yi. Akwai kundin digiri fiye da ɗaya a cikin wannan, kuma masu kalmomin tsufa suke yi.

Kada kuma mu manta da namu lefen. Ranar da ɗalibi ya kare kundinsa, an mai da ita ƙaramin biki: anko, hayar rumfa da kujeru, abinci a robobin da za a watsar, ruwan leda buhu-buhu, mai hoto. Na san wanda kuɗin walimarsa ya fi abin da ya kashe wajen binciken kansa, kuma mahaifinsa ne ya sayar da hatsi ya aiko. Washegari masu shara ne ke shan aikin. Nawa yana tafe cikin ƴan watanni, kuma na riga na faɗa wa abokaina cewa dabino da ruwan randa za su samu, sun yi dariya sun ce za su gani.

Game da ƙanwata, an yi zaman dangi bayan sallar isha'i, na kawo shawarar a rage kayan katako a saya mata tunkiya biyu a cikin kayan ɗakinta, a kuma gaya wa dangin ango cewa akwati uku sun isa. Gwaggona ta dube ni ta ce, "Kai yaro, karatun naka rowa aka koya maka? So kake a yi da mu a gari?" Kawuna ya goyi bayana a kan tumakin, ya yi shiru a kan akwatin. A ƙarshe an sayi tunkiya ɗaya, an fasa kabad na biyu, akwatuna sun zo shida, anko kuma an yi shi kala biyu. Tunkiyar tana ɗaure a turke a bayan ɗakin amarya, mahaifiyata ta hana a sake ta ta yi kiwo a bakin juji, kuma gwaggo har yanzu in na gaishe ta a taƙaice take amsawa.